Tambayoyin Masu Karatu: Haɗa Makwarwar Wuski a Bukukuwan Ƙarshen Shekara

Wasiƙu uku ne suka iso mana a makonni biyun nan a kan magana guda, wato ƙananan kofunan wuski da ake haɗawa a raba wa baƙi a walimar Kirsimeti da ta Sabuwar Shekara, waɗanda ake shanyewa a makwarwa ɗaya. Na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, waɗanda addininsu ya haramta musu barasa, sha da ɗauka da sayarwa, kuma babu abin da zan faɗa a nan da ya taɓa wannan hukunci. Sai dai Hausa harshen jama'a da yawa ne, biyu daga cikin masu tambayar Kiristoci ne, na ukun kuwa Musulmi ne da yake so ya san abin da zai guje wa, saboda haka na ga ya dace a amsa musu duka a fili ɗaya.

Tambaya ta farko

Kawu, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni ɗan Wusasa ne ta Zariya, ina karatu a Gilasgo, kuma na sami aikin wucin gadi a wani otal na tsawon hutun nan. Shugabar sashenmu ta ce ni zan shirya abin da suke kira shot, da wuskin da aka rubuta wa Blended Scotch, domin walimar ma'aikatan wani kamfani su 60, kuma ta bar mini zaɓin abin da zan haɗa. A gidanmu ba a shan giya, ban taɓa ɗanɗana wuski ba, ga shi ina jin nauyin tambayarta. Mene ne ma'anar wannan rubutu, kuma yaya zan haɗa abin ba tare da na kunyata ba? Wani abokin aikina ya ce in yi wanda ake kira Three Wise Men, tun da sunan ya dace da Kirsimeti.
Daga ɗanka, ɗalibi a Gilasgo.

Amsa

Ɗana, matambayi ba ya ɓata, kuma gara ka ji kunyar tambaya a takarda da ka ji ta a gaban mutum 60. Bari mu fara da rubutun jikin kwalbar, domin daga nan ne sauran maganar take tasowa.

Iri biyu na wuski ake dafawa a Sukotlan tun daga tushe. Na farko da tsiron sha'ir zalla ake yin sa, a tsiyaye shi ta hanyar tururi a cikin manyan tukwanen tagulla, a sauke wannan a ɗora wancan, kuma shi ne mai nauyin ƙamshi, kowace masana'anta da irin nata, har wasu na tsibirin Islay warin hayaƙi suke yi saboda da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama ake busar da tsiron. Na biyu da alkama ko masara ake yin sa tare da ɗan tsiron sha'ir, a cikin wata doguwar na'ura da ke tsiyayarwa dare da rana ba tsayawa, wadda wani mutumin Ayalan mai suna Aeneas Coffey, tsohon jami'in harajin barasa, ya yi wa rajista a 1830. Wannan na biyun ya fi araha kuma ya fi laushi a maƙogwaro, amma kusan lami ne, ba shi da wani ɗanɗano da za a tuna da shi. Idan aka gauraya iri biyun nan, wani lokaci daga masana'antu talatin ko fiye, shi ne ake rubuta Blended Scotch a kwalba.

Wanda ake dangantawa da fara wannan sana'a shi ne Andrew Usher na Edinbara, wanda ya soma gauraya wuski domin sayarwa a 1853, sannan dokar 1860 ta ba da izinin haɗa na tsiro da na hatsi a rumbun ajiya kafin a biya haraji. Daga nan 'yan tireda irin iyalin John Walker, wanda ya buɗe kantin kayan masarufi a Kilmarnock a 1820, suka shiga harkar da ƙarfinsu. Sa'a kuma ta zo musu daga Faransa, inda wani ƙwaro ya riƙa cinye saiwar inabi tun daga shekarun 1860 har zuwa na 1880, burandi, barasar da ake tsiyayarwa daga giyar inabi, ya yi wuya, masu kuɗin Ingila suka koma wa wuskin Sukotlan. Masu dafa na tsiro zalla ba su ji daɗi ba, suka yi ta cewa gaurayen bai cancanci sunan wuski ba, har sai da wani kwamitin masarauta ya raba gardama a 1909 ya tabbatar masa da sunan. Idan wata rana ka shiga Edinbara ka ga katafaren zauren kiɗan nan da ake kira Usher Hall, to da ribar wannan gauraye aka ba da kuɗin gina shi.

Dokar da ake bi yanzu ta 2009 ce, kuma ta ce dole wuskin ya zauna a gangar itacen ok a cikin Sukotlan shekara 3 aƙalla, dole ƙarfin barasarsa ya kai kashi 40 cikin 100, sannan idan ka ga an rubuta shekara 12 a kwalba, kamar ta Black Label na kamfanin Johnnie Walker, to shekarun mafi ƙanƙanta a cikin gaurayen ke nan. Kada ka ruɗe da na Amurka mai kusan irin wannan suna, kamar Seagram's 7, domin a can kashi 20 cikin 100 kawai doka ta wajabta ya zama tsantsar wuski, sauran yana iya zama farar barasa marar ɗanɗano.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan tarihi shi ne, kwalbar da ke hannunka haɗaɗɗiya ce tun kafin ta iso gare ka, wani gwani wanda hancinsa ne jarinsa ya riga ya daidaita ta. Abin da ya rage maka ɗan ƙari ne kawai, abu biyu ko uku, kowanne a kan awo. Saboda haka kada ka taɓa kwalba mai tsada, domin asara ce a zuba lemun tsami a kan abin da ya shekara 18 a ganga. The Famous Grouse ko Dewar's White Label ko Red Label, duk wadda otal ɗinku yake zubawa yau da kullum, ta wadatar.

Shawarar abokin aikinka kuwa, ka gode masa ka bar ta a inda ya ajiye. Three Wise Men wasa ne da suna, an ɗauki kwalabe uku masu sunayen maza, Johnnie Walker da Jim Beam da Jack Daniel's, an zuba kashi daidai, an laƙaba musu sunan masanan nan da suka zo daga gabas a labarin haihuwar Almasihu. Na farkon ne kaɗai gaurayen Sukotlan, sauran biyun na Amurka ne, na Kentaki da na Tenesi, masu zaƙin masara da ƙamshin sabuwar ganga, kuma idan suka haɗu a kofi ɗaya babu mai saurara wa wani. Abin da ya fi wannan muni shi ne babu ɗigon ruwa a ciki. Mililita 15 sau uku ta zama 45, a cikinta akwai mililita 18 ta tsantsar barasa, alhali hantar babban mutum kusan mililita 10 take iya sarrafawa a awa guda. Wato abin da za a haɗiye kafin ƙiftawar ido, hanta za ta yi kusan awa biyu tana fama da shi, kuma a walimar ofis da wuya mutum ya tsaya a kan ɗaya.

Da ni ne a matsayinka, wuski da lemun tsami da ruwan zuma mai citta zan haɗa. Tsohon haɗi ne da mutanen Sukotlan suke sha da ruwan zafi idan mura ta kama su, kuma wani mai haɗa abin sha, Sam Ross, ya fito da irinsa mai sanyi a Niyok a 2005 ya sa masa suna Penicillin, kai kuma ƙaraminsa za ka yi. Kowane kofi yana buƙatar wuski mililita 20, ruwan lemun tsami mililita 7 da rabi, da ruwan zuma mililita 7 da rabi. Tun da mutum 60 ne, ba za ka tsaya girgiza ɗaya bayan ɗaya ba, a babban jug za ka haɗa gaba ɗaya, wato wuski mililita 1,200, wanda kwalba biyu masu mililita 700 za su ba ka har da ragowar 200, sai ruwan lemun tsami 450, ruwan zuma 450, da ruwan sanyi 500. Kada ka ɗauki wannan ruwa na ƙarshe a matsayin ha'inci. Wanda yake girgiza haɗi da ƙanƙara a gwangwani, ƙanƙarar tana narkewa ta ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ruwa, kuma wannan ruwan ne yake kwantar da zafin barasar ya bar ƙamshin ya fito, to tun da kai ba girgizawa za ka yi ba, dole ka zuba shi da hannunka. Jimilla za ka sami lita 2 da mililita 600, kowane kofi ya tashi da kusan mililita 43, ƙarfinsa kuma ya sauko zuwa kashi 18 da rabi cikin 100, ƙasa da rabin yadda yake a kwalba.

Ruwan zumar tun jajibere ake yin sa. Ka auna zuma mililita 250 da ruwa mililita 250, ka kankare ɗanyar citta kamar giram 100 ka yayyanka ta siri-siri, ka ɗora su a wuta marar ƙarfi minti 5 kana motsawa, ka sauke ya huce, ka rufe ya kwana a firji, da safe ka tace. A daidai wannan gaɓar ni na taɓa faɗuwa. A shekarata ta farko a wani otal a Edinbara, daren Sabuwar Shekara, gaggawa ta sa na tsiyaya zuma kai tsaye cikin jug mai sanyi, na juya sau biyu na ɗauka ta narke, ashe ta dunƙule a gindin jug kamar ƙaro. Kofunan farko da suka fita tsami ne zalla, ina kallo wata dattijuwa ta kurɓa, ta runtse ido ɗaya, ta lallaɓa ta ajiye nata a bayan tukunyar fure ba ta ce uffan ba, na ƙarshen kuma da cokali ya kamata a sha su. Tun daga ranar ban ƙara bari zuma ta ga sanyi ba sai na sirka ta da ruwan zafi.

Lemun tsamin da nake nufi babban nan ne mai ruwan ɗorawa, wanda ya fi ƙaramin kore na gida sauƙin tsami, guda 12 zuwa 15 za su ishe ka, kuma a ranar walimar za ka matse su ka tace, domin wanda ya kwana ɗaci yake yi. Ka haɗa komai awa 3 kafin baƙi su iso, ka sa a firji tare da kofunan idan da wuri, kuma ka juya jug ɗin kafin kowace zubawa. Tun da ba ka sha, babu mai tilasta maka ɗanɗanawa, ka kai wa shugabarka ɗan kaɗan ta ji, idan ta ce tsami ya yi yawa ka ƙara ruwan zuma mililita 30 ka sake kai mata. Wajen zubawa ka yi amfani da ɗan ma'aunin ƙarfen nan mai baki biyu da suke kira jiga, domin idon sabon shiga kullum wuce awo yake yi, kuma idan ka ƙara wa kowa mililita 5 kacal, mutum shida na ƙarshe za su tarar da jug wayam.

Awo a wurinku maganar doka ce. A Birtaniya mililita 25 ko 35 ake sayar da wuski, ko ninkinsu, sai fa idan yana cikin haɗin ruwa iri uku ko fiye, shi ya sa mililita 20 ɗinka ta halatta a wannan haɗi. A Sukotlan wajibi ne a ba ka horo na awa 2 kafin ka miƙa wa kowa barasa, idan ba a ba ka ba ka nema. Duk wanda ka ga kamar bai kai shekara 25 ba sai ka nemi shaidar shekarunsa, laifi ne a sayar wa wanda ya riga ya bugu, kuma ruwan famfo kyauta ne ga duk wanda ya nema. Tun Disambar 2014 Sukotlan ta rage iyakar barasa a jinin direba zuwa miligiram 50 a kowace mililita 100, alhali a Ingila 80 ce, saboda haka baƙon da ya zo daga Landan da mota yana iya faɗawa hannun 'yan sanda da abin da a garinsu ba komai ba ne. Ka roƙi a fitar da kofunanka bayan abinci ya shiga ciki, tire ɗaya, kowa ɗaya, da jug ɗin ruwa a gefe.

Idan ka yi kyau a wannan karon, za su sake nemanka daren 31 ga Disamba, wanda su suke kira Hogmanay, kuma a wurinsu ya daɗe yana gaba da Kirsimeti, tun da sai a 1958 Kirsimeti ya zama ranar hutu a ƙasar. A daren ne mutumin da ya fara taka ƙofar gida bayan ƙarfe 12 yake shigowa da ɗan gutsuren kwal da biskit da kwalbar wuski, a matsayin fatan alheri ga masu gida. Abu biyu za a iya tambayarka. Ɗaya shi ne Whisky Mac, wato wuski da giyar citta irin ta Stone's ko Crabbie's kashi daidai, kuma tun da ruwa biyu ne kawai, cikakkiyar mililita 25 za ka auna. Ɗayan shi ne Atholl Brose, wanda ake jiƙa garin ots a ruwa ya kwana, a tace shi a ƙyalle kamar yadda ake tace gasarar koko, a haɗa farin ruwan da zuma da wuski da kirim.

Tambaya ta biyu

Baba, barka da sanyi. Ni matar aure ce a Jos, kuma bana a gidanmu dangin maigida za su taru ranar 26 ga Disamba. Bara na so in burge su, na haɗa wuski da Baileys na matsa lemun tsami a kai, sai abin ya tsinke ya yi gudaji, ga surukata tana kallo. Mene ne kuskurena, kuma me zan yi bana? Sannan ina jin tsoron jabun kwalaben da ake ta magana a kansu a irin wannan lokaci.
Daga 'yarka a Jos.

Amsa

Uwargida, barka kadai. Abin da kika yi bara awara ce kika haɗa ba ki sani ba. Baileys, wadda ta fito kasuwa daga Ayalan a 1974, kirim ɗin madarar shanu ne da wuski da sukari, ƙarfinta kashi 17 cikin 100, kuma kamar yadda ruwan tsami yake tsinka madarar waken suya ta dunƙule, haka duk wani abu mai tsami yake yi mata, ko lemun tsami ne, ko abarba, ko zoɓo, ko lemun kwalba mai gas. Sai ki zaɓi hanya ɗaya, ko ta tsami irin wadda na bayyana wa ɗalibin Gilasgo, ko ta kirim, amma taura biyu ba ta taunuwa.

Idan burgewar kike nema, ki yi mai hawa uku. Ki fara zuba barasar gahawa irin Kahlúa mililita 15 a gindin kofi, sannan ki kifa ƙaramin cokalin shayi a ciki, bakinsa yana taɓa bangon kofin daf da saman ruwan, ki tsiyaya Baileys mililita 15 a kan bayan cokalin a hankali kamar mai zuba maganin ido, ki ɗaga cokalin kaɗan ki sake yin haka da wuski mililita 15. Wanda ya fi sukari ya fi nauyi, shi ya sa yake zama a ƙasa, wuski kuma da ya fi su sauƙi yake yawo a sama, sai ki ga launin baƙi da fari da launin zuma sun jeru ba su cakuɗe ba. Ki sanyaya kwalaben tukuna, kuma ki gwada sau biyu ko uku ke kaɗai a kicin kafin ranar, domin rawar hannu ita ce take ɓata shi. A Amurka da Crown Royal na Kanada aka fi yin sa, amma Jameson ko kowane gauraye mai laushi zai yi.

Sai dai irin wannan haɗi ga zaƙi ga harbi ne. Kofi ɗaya yana ɗauke da barasar da ta ɗan haura ta cikakken awon wuski na mililita 25, amma harshe alewa yake ji, shi ya sa wanda bai saba ba yake neman ƙari. Ki fito da shi bayan an ci shinkafa da nama, ki ƙidaya kofunan daidai da manyan da ke wurin, ki mayar da kwalaben ɗaki ki rufe, kuma ki lura da yara, domin kamarsa da madarar cakulan tana ruɗinsu. Kada ki miƙa wa mai juna biyu, ko wanda zai tuƙa mota, ko mai allurar ciwon sukari, ko wanda yake shan Flagyl ko tiramadol ko maganin barci. Sanyin Jos ma kada ya zama hujja, domin ɗumin da mai sha yake ji jini ne ya taso fata, zafin jikin fita yake yi. Idan wani ya wuce gona da iri, gahawa da wankan ruwan sanyi ba sa rage komai a jininsa, ki kwantar da shi ta gefe kada ya shaƙe da amai, a zauna kusa da shi, idan kuma ba ya farkawa ko numfashinsa ya ja baya, a nufi asibiti.

Tsoronki na jabu yana kan hanya. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe wata kasuwa a Aba inda ta tarar ana ɗura jabun abin sha a kwalaben manyan kamfanoni, kuma a 2015 mutane sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo bayan sun sha barasar gida mai ɗauke da metanol. Wannan guba ba a gane ta da hanci ko harshe, balle an rufe ta da zuma ko kirim, kusan mililita 10 tana iya makantar da mutum, 30 tana iya kashewa, kuma alamunta sukan jinkirta rabin yini ko fiye, sai mutum ya tashi da ciwon kai da amai da hazo a ido ya ɗauka gajiyar biki ce. Duk wanda ganinsa ya dushe bayan sha, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar. Ki saya a babban kanti da aka sani, ki karɓi rasit, ki duba ko murfin yana nan a liƙe da zobensa, ki duba ko rubutun ya karkace ko yana gogewa, ki ɗaga kwalbar a haske ki ga ko akwai laka a ciki. Idan farashin ya faɗi ƙasa da na ko'ina, ki tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Bayan biki kuma ki yage takardar kwalbar ki lalata murfin kafin ki zubar, domin da irin waɗannan kwalabe masu jabu suke sana'a.

Tambaya ta uku

Assalamu alaikum, Malam. Ni Musulmi ne, ina aiki a Dabilin. A walimar ofishinmu ta bara an zagayo da ƙananan kofuna masu ruwa kore-kore, aka ce mini sunansa Green Tea Shot, na karɓa a kan shayi ne, sai da na kai hanci na ji abin da ya sa na ajiye. Shin akwai barasa a ciki? Kuma me zan kiyaye bana, tun da ba na so in ƙi zuwa gaba ɗaya?
Daga ɗan'uwanka a Dabilin.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Hancinka ya yi maka rana, domin babu ko ganyen shayi ɗaya a cikin wannan kofi, launin ne kawai ya jawo masa sunan. Haɗi ne da ya yaɗu daga mashayun Amurka, ana zuba Jameson da wata barasa mai zaƙi ta 'ya'yan itace da ruwan lemun tsami mai sukari kashi daidai, a girgiza da ƙanƙara, a ɗiga Sprite ko 7Up a kai. Jameson kuwa gaurayen wuskin Ayalan ne mai ƙarfin kashi 40 cikin 100, wanda aka kafa kamfaninsa a nan garin da kake a 1780, ko da yake yanzu a Midleton ta yankin Cork ake dafa shi. Akwai ɗan'uwansa da ake kira White Tea Shot, shi kuma bodka ce a madadin wuskin. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, duk abin da aka zagayo da shi a ɗan ƙaramin kofi irin wannan a walima, ka ɗauka barasa ne har sai wanda ya haɗa shi da hannunsa ya faɗa maka akasin haka, domin mai ɗaukar tire sau da yawa shi ma suna kawai ya sani.

Sunayen da ke ruɗi a wannan lokaci suna da yawa. Irish coffee gahawa ce da wuski da sukari da kirim a sama. Eggnog madara ce da ƙwai, amma a walima akan zuba mata wuski ko ram ko burandi. Jan ruwan nan mai ɗumi mai ƙamshin kirfa da kanumfari giyar inabi ce, kuma ɗumamawa ba ta kore barasar da ke ciki. Haka kek ɗin Kirsimeti da ake shayar da shi burandi ko wuski makonni kafin biki, da wanda ake cinna wa wuta a teburi, wutar tana mutuwa ta bar mafi yawan barasar a jikinsa. Ko a kayan citta sai ka lura, ginger ale lemun kwalba ne, ginger wine giya ce mai ƙarfin kusan kashi 13 da rabi cikin 100, ginger beer kuma yawancinsa ba barasa amma akwai mai ita, sai ka karanta kwalbar. Waɗanda aka rubuta wa marasa barasa ma wasunsu suna ɗauke da kashi 0.5 cikin 100, hukuncin wannan da na zama a irin wurin kuwa na malamanka ne, ni abin da ke cikin kofi kawai na faɗa maka.

Idan ka yanke shawarar zuwa, ka je kanta da kanka tun da wuri, kafin wurin ya cika, ka gaya wa mai haɗawa kai tsaye cewa ba ka shan barasa ko kaɗan, su sun saba jin haka daga direbobi da masu ciki da waɗanda suka daina sha, ba wanda zai yi maka kallon baƙo. Ka ce ya haɗa maka lemun tsami da ruwan zuma da citta ya cika da ruwan soda, a wankakken gwangwani idan zai girgiza, kuma ka tsaya ka ga an yi a gabanka. Ka nemi a zuba maka a dogon kofi mai tsinken zuƙa, wanda ba ya kama da na kowa a teburin, ka riƙe shi a hannunka, idan tiren ƙananan kofunan ya zagayo ka ɗaga naka su gani su wuce.